Shinkafa Ma Tana Da Ƙuri'a: Darasin Zaɓen Majalisar Japan Ga Manoman Kura

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya da kaka, da zarar ya wuce Karfi ba sai an gaya masa ya iso Kura ba. Hancinsa ne zai fara ba shi labari. Ƙamshin shinkafar da ake turarawa ya gauraya da hayaƙin ƙaiƙayi, ga shanya a kan tamfol ta ko'ina, yara na bi da ƙafa suna juya ta, injinan casa na ta ruri, 'yan dako na loda buhuna a mota. Idan la'asar ta yi sanyi sai majalisu su cika a bakin hanya. A nan za ka ji lissafi na gaske: nawa aka sayar da buhun shanshera yau, nawa kamfa ya kai, yaushe za a sako ruwa a kanal, wa ya ci riba, wa ya koma gida da bashi.

A irin wannan zama na taɓa tambayar wani dattijo, wanda tun yana saurayi yake noman rani, ko wane ne ya zaɓa ya wakilce shi a Majalisar Tarayya. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ni fa sak na yi. Takardu uku aka miƙo mini, na dangwala musu wuri guda na yi gaba." Na ce, "To Baba, sunan nasa fa?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya waiwaya ya tambayi na kusa da shi.

Mutumin da ya san farashin taki har zuwa kwabo, ya san ranar da ruwa zai iso kwaminsa, bai riƙe sunan wanda ke zama a madadinsa a inda ake raba kuɗin gyaran kanal ɗin ba. Shi ya sa nake so mu leƙa wata ƙasa mai nisa, wadda ita ma shinkafa ce abincinta, mu ga yadda kwanon shinkafa ya girgiza majalisarta.

Ministan da bai taɓa sayen shinkafa ba

A watan Mayu na 2025, ministan noma na Japan, Taku Eto, ya tsaya gaban jama'a ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba, domin magoya bayansa na kawo masa kyauta har ta yi masa yawa. Ya yi wannan suɓutar baki ne a daidai lokacin da farashin shinkafa ya ninka na shekarar da ta gabata, ƙaramin buhu mai kilo 5 ya haura yen 4,000, matan aure na zagaya shaguna suna neman mai sauƙi. Cikin 'yan kwanaki, ranar 21 ga Mayu, ya ajiye muƙaminsa. Wanda ya gaje shi, Shinjiro Koizumi, bai tsaya wata-wata ba, ya buɗe rumbunan gwamnati ya riƙa miƙa wa 'yan kasuwa shinkafar ajiya kai tsaye, domin ta isa shago a kan yen 2,000 ko kusa da haka.

Gaggawar ba ta tausayi kaɗai ba ce, zaɓe ne ya ƙarato. Ranar 20 ga Yuli 2025 aka yi zaɓen majalisar dattawa, jam'iyyar LDP mai mulki da abokiyar ƙawancenta a lokacin, Komeito, suna buƙatar kujeru 50 domin su riƙe rinjaye, sai suka tashi da 47. Dama tun a zaɓen majalisar wakilai na 27 ga Oktoba 2024 sun rasa rinjaye a can, bayan wata badaƙalar kuɗin siyasa. Firaminista Shigeru Ishiba ya yi ta maza na 'yan makonni, amma ranar 7 ga Satumba ya sanar zai sauka. A watan Oktoba majalisa ta zaɓi Sanae Takaichi, mace ta farko da ta zama firaminista a tarihin ƙasar. Ba shinkafa kaɗai ta jawo wannan ba, akwai tsadar rayuwa baki ɗaya da gajiya da 'yan siyasa. Amma shinkafar ce kowa ke gani sau uku a rana a cikin kwanonsa.

Yadda suke zaɓen nasu

Japan ba ta da shugaban ƙasa da ake zaɓa. Akwai sarki, amma ba ya mulki. 'Yan majalisa ne ke zaɓar firaminista daga cikinsu, don haka duk wanda ya rasa majalisa yana iya rasa gwamnati. Mu ma da irin wannan tsari muka fara. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan majalisa ne kamar kowa kafin ya zama firaminista, kuma a zaɓen 1959 Malam Aminu Kano ya ci kujerarsa ta majalisar wakilai daga Kano. Sai a 1979 muka koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka.

Majalisarsu biyu ce kamar tamu. Ta wakilai na da kujeru 465. Daga ciki, 289 ana cin su ne mazaɓa mazaɓa, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka, sauran 176 kuma ana raba wa jam'iyyu gwargwadon ƙuri'ar da kowace ta samu. Wa'adinsu shekara huɗu ne, amma firaminista na iya rushe majalisar ya kira sabon zaɓe tun wa'adin bai cika ba. Haka Takaichi ta yi a farkon 2026, kuma a zaɓen 8 ga Fabrairu masu zaɓen da suka ladabtar da LDP suka mayar mata da gagarumin rinjaye. Ta dattawa kuwa kujeru 248 ne, wa'adin shekara shida, kuma duk bayan shekara uku ake sabunta rabinsu. Ke nan zaɓenta na gaba zai zo a 2028.

Akwai wasu ƙananan al'adu a zaɓensu da suka cancanci a dube su. Yaƙin neman zaɓen majalisar wakilai kwana 12 ne kacal. Doka ta hana ɗan takara bi gida gida neman ƙuri'a, saboda gudun a yi ciniki a zaure. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, a Japan ba a dangwala yatsa. Fensir ake ba ka da farar takarda, ka rubuta sunan ɗan takararka da hannunka, sannan a ba ka takarda ta biyu ka rubuta sunan jam'iyya. Wanda bai san sunan wakilinsa ba, ba shi da abin rubutawa. Da a can dattijon nan namu yake, da sak ba ta yi masa aiki ba.

Inda ƙarfin manominsu yake

Manoman Japan ba su da yawa. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 120, waɗanda noma ne babbar sana'arsu sun ɗan haura miliyan 1 ne kawai, kuma akasarinsu sun wuce shekara 65. Duk da haka babu jam'iyyar da ke wasa da su. Me ya ba su wannan kwarjini?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1946 da 1950, aka karɓi gonaki daga hannun manyan masu filaye aka sayar wa masu noma su da araha. A 1947 aka yi dokar ƙungiyoyin gama kai na manoma, waɗanda a yau ake kira JA. Wannan ƙungiya ita ce ke sayar wa manomi taki da iri, ita ke sayen amfanin gonarsa, ita ce bankinsa, ita ce mai inshorarsa. Idan zaɓe ya zo kuma, ita ke tattara ƙuri'arsa wuri guda. Har mutanenta take tsayarwa takarar majalisar dattawa a ƙarƙashin LDP. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa LDP, tun kafa ta a 1955, sau biyu kaɗai ta taɓa barin mulki, daga 1993 zuwa 1994 da kuma daga 2009 zuwa 2012. A cikin jam'iyyar akwai rukunin 'yan majalisa da aka san su da harkar noma, babu dokar da ta shafi shinkafa da za ta wuce ba su sa baki ba.

Abin da manoman suka karɓa a madadin ƙuri'arsu ba turmin atamfa ba ne. Doka suka karɓa. Bayan wani adadi na kusan tan 770,000 da yarjejeniyar kasuwanci ta duniya ta tilasta wa Japan shigowa da shi duk shekara, duk kilo ɗaya na shinkafar waje sai an biya masa harajin yen 341. Da wannan katanga aka kare manomin gida shekara da shekaru.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Domin kada farashi ya faɗi, tun daga 1971 gwamnati ta riƙa biyan manoma su rage filin da suke shuka shinkafa. An soke tsarin a hukumance a 2018, amma tasirinsa bai gushe ba. Da zafin bazarar 2023 ya lalata ingancin amfanin gona, baƙi masu yawon buɗe ido suka ƙaru, sannan gargaɗin girgizar ƙasa a watan Agusta 2024 ya sa mutane suka yi ta saye suna ɓoyewa, sai aka wayi gari shaguna babu shinkafa. Siyasar da ta shekara hamsin tana lallashin mai noma ta manta da mai saye, shi kuwa mai saye ya tuna mata ranar zaɓe. A Koriya ta Kudu ma an ga makamancin haka. Ana gab da zaɓen majalisa na 10 ga Afrilu 2024, Shugaba Yoon Suk Yeol ya shiga wani kanti ya yaba farashin damin albasa mai lawashi, ashe rangwame ne na musamman da talaka ba ya samu a kasuwa. 'Yan adawa suka mayar da albasar tutar kamfe, jam'iyyarsa kuma ta sha kaye.

Ruwa ɗaya, kujeru da yawa

Mu dawo gida. Sunan Japan ba baƙo ba ne a gonakin Kano. Shirin Sasakawa, da ya shigo Najeriya a 1992 yana koyar da dabarun noma, sunan wani attajirin Japan ne, Ryoichi Sasakawa, wanda ya kafa shi tare da masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter. Mun karɓi darasin tazarar shuka da sa taki daga gare su. Saura darasin ƙuri'a.

Ruwan da ke raya Kura daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974. Daga can yake biyo babban kanal ya rarrabu zuwa Bunkure da Garun Malam da Kura, a kan shirin da aka tsara zai shayar da kusan hekta 22,000. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan ruwa ba a hannun ƙaramar hukuma yake ba, ba kuma a hannun gwamnatin jiha ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi, ita kuwa ta gwamnatin tarayya ce. Kuɗin yashe kanal, da gyaran ƙofofin ruwa, da cire kacalar da ke toshe hanya, da gyaran hanyoyin cikin gona, duk a kasafin kuɗin tarayya suke. Kasafin nan kuwa ba ya zama doka sai Majalisar Tarayya ta amince. Hatta babban aikin gyara na TRIMING, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, bashi ne, kuma cin bashin waje sai da sa hannun majalisa.

Yanzu mu ƙirga kujerun da ruwan nan ya ratsa. Kura da Garun Malam suna mazaɓa ɗaya da Madobi a majalisar wakilai. Bunkure na tare da Rano da Kibiya. Ita kanta Tiga a Bebeji take, mazaɓar Ƙiru da Bebeji. A majalisar dattawa, Kura da Garun Malam na Kano ta Tsakiya, Bunkure da Bebeji na Kano ta Kudu. Ke nan kanal guda yana da 'yan majalisar wakilai uku da sanatoci biyu. A zauren da ke da wakilai 360 da sanatoci 109, mutum biyar da suka haɗa baki a kan magana ɗaya ba abin rainawa ba ne, balle idan suka jawo takwarorinsu na Jigawa da Yobe, waɗanda su ma ruwan Tiga ke gangarawa gare su. Abin tambaya shi ne, yaushe rabon da masu noman rani su zaunar da mutanen nan biyar a inuwa ɗaya?

Farashi ma haka yake. Manomin Kura ya ga abin da rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya yi wa kasuwar shanshera. Ya ga abin da cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 ya yi wa kuɗin ban ruwa da inji da kuɗin mota. Ya ga abin da ya biyo bayan ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 da aka sanar a Yulin 2024, ciki har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Mai tumatir a Kadawa da Kwanar Gafan bai manta da tsutsar da ta cinye gonaki a 2016 ba, bai kuma daina kallon kwandunansa na ruɓewa a bakin titi idan kaya suka yi yawa ba. Gaskiya ne ɓangaren zartarwa ne ke yanke irin waɗannan hukunce-hukunce. Amma sashe na 88 da na 89 na tsarin mulki sun ba majalisa ikon bincike da kiran minista ko shugaban hukuma ya zo ya yi bayani. Ɗan majalisar da ya san zafin manomi zai tambaya: wa aka tuntuɓa, me aka tanadar wa wanda ya ci bashi ya sayi taki da tsada, ranar girbi kuma farashi ya karye?

Sak da guguwa

Matsalarmu ita ce rana ɗaya ake zaɓen shugaban ƙasa da na Majalisar Tarayya, kamar yadda aka yi ranar 25 ga Fabrairu 2023. Hankalin kowa na kan babbar kujera, sauran takardun biyu sai su zama rakiya. Guguwar 2015 ta ba jam'iyya ɗaya duk kujerun tarayya na Kano, ta 2023 ta ba wata jam'iyyar mafi yawansu. Guguwa ba ta tantancewa, da tsaba da ƙaiƙayi take kwasa. Nagari na shiga ta dalilinta, wanda ba a taɓa jin muryarsa ba ma yana shiga. Wanda kuwa guguwa ta kai Abuja ya san ba kai ka kai shi ba, don haka ba kai zai riƙa waiwaya ba.

Sai kuma kuskuren fahimtar aikin ɗan majalisa. Mun mayar da shi mai biyan kuɗin asibiti, mai ragon suna, mai raba babura da keken ɗinki. Taimako abu ne mai kyau, amma aikinsa uku ne: yin doka, tsara kasafi, da sa ido a kan yadda aka kashe kuɗin. Idan ya raba taliya da sabulu ranar zaɓe aka karɓa aka dangwala masa, a ganinsa ciniki ya faɗa, an biya. Kwalin taliya kwana nawa zai yi a gida? Kanal ɗin da ya toshe kuwa zai iya cinye noman rani guda. Idan an yi lissafi irin na majalisar bakin titi, za a ga wa ya ci riba.

Abin yi kafin 2027

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓen 2027 na tafe, kuma abin da ya ba manomin Japan ƙarfi ba ya fi ƙarfinmu. Muna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a sassan kanal, muna da ƙungiyoyin manoman shinkafa da na tumatir, da masu injinan casa, da dillalai, da matan da ke turara shinkafa, waɗanda da guminsu kasuwar Kura ke tsaye kuma su ne ke cika layi ranar zaɓe. Abin da ya rage shi ne tsintsiyar ta samu maɗauri.

Na farko, a rubuta buƙatu a takarda, kada su wuce huɗu ko biyar: kuɗin gyaran kanal a kasafin kowace shekara, sanar da manoma jadawalin sakin ruwa da rufe shi a kan lokaci, tuntuɓar manoma kafin a taɓa harajin shinkafa, hanyoyin fito da amfanin gona, da wurin ajiya ko sarrafa kayan gwari. Na biyu, a gayyaci duk 'yan takara, ba tare da duba hula ko tuta ba, su zo gaban jama'a su amsa, a naɗa a waya, a sa a rediyo. Na uku, wanda ke kan kujera yana neman komawa a tambaye shi wane kwamiti yake, wane ƙuduri ya kawo, nawa aka ware wa hukumar kogunan a shekarun da ya yi, nawa aka saki. Kasafin kuɗi ba asiri ba ne, ana wallafa shi a intanet, kuma ba a rasa ɗalibi a kowane ƙauye da zai iya zaƙulo shi ya karanta wa iyayensa. Na huɗu, kowa ya tabbatar katin zaɓensa na hannu, ya san rumfarsa. A 2023 ko kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba su fito ba a faɗin ƙasa, wanda ya zauna a gida kuwa ya ba wani aron bakinsa ne ya ci masa albasa. Matasa kuma su tuna tun 2018 aka rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Ɗan manomi ma na iya tsayawa.

Akwai kuma darasin da ya kamata mu ɗauka daga tuntuɓen Japan. Kada buƙatarmu ta tsaya a kan shinkafa ta yi tsada. Mai sayen kwano ɗaya a Kurna ko Rijiyar Lemo shi ma ɗan'uwa ne, shi ma yana da ƙuri'a, kuma irinsa sun fi mu yawa. Buƙatar da za ta ɗore ita ce wadda za ta rage wa manomi kuɗin noma, ruwa ya wadata, taki ya samu, hanya ta yi kyau, ta yadda zai sayar da sauƙi kuma ya ci riba. A kan wannan, mai noma da mai saye za su iya dangwala wa mutum ɗaya.

Ranar zaɓe takardu uku za a sake miƙo wa Baba. Ba wanda zai ba shi fensir ya ce ya rubuta suna, alamar jam'iyya kawai zai gani. Amma babu dokar da ta hana shi zuwa da sunan a ransa, ya san wane ne a bayan kowace alama, ya san abin da ya yi alkawari a kan ruwan Tiga, da ranar da ya faɗa, da waɗanda suka shaida. Wanda ya san sunan dillalin da ya riƙe masa kuɗin buhu biyu, bai kamata ya manta sunan wanda ya riƙe masa shekara huɗu ba.